Takardar gwajin bakin mahaifa ta nuna ASC-US: sankara ce?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Shekarata 36, 'ya'yana huɗu. An yi mini gwajin bakin mahaifa na Pap, takarda ta fito an rubuta ASC-US. Nas ta ce an ga wasu ƙwayoyi da suka ɗan sauya kama, in dawo bayan shekara guda a sake gwajin. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Sankara ce ta fara kama ni? Maigidana ne ya kwaso mini wani ciwo? Zan iya sake haihuwa? Wata ƙawata ta ce sanyi ne kawai, in sha magani ya wanke.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. ASC-US ba sankara ba ce. A mafi yawan matan da aka rubuta wa haka, in an zurfafa bincike, ko sauyin da kan zama sankara nan gaba ba a samu. Ki fara kwantar da hankalinki a kan wannan. Amma akwai abin da nake so ki yi, kuma don ki gane dalilinsa sai na bayyana miki yadda aka kai ga rubuta waɗannan haruffa.

Fata iri biyu ce ta lulluɓe bakin mahaifa. Ta waje, wadda ke fuskantar farji, ƙwayoyin halittarta shimfiɗaɗɗu ne, wasu bisa wasu. Ta cikin 'yar hanyar da ta shige mahaifa kuwa, ƙwayoyinta dogaye ne, su ke fitar da ruwan nan mai yauƙi da mace ke gani a tsakanin haila da haila. Inda fatun biyu suka haɗu, nan kusan duk sankarar bakin mahaifa ke somawa, shi ya sa daga nan ake gogo ƙwayoyin da ɗan burushi ko ɗan katako. Sai a shafa su a kan gilashi, a tsoma a sifirit nan take don kada su bushe, a rina su, sannan masanin ƙwayoyin jiki ya zauna ya duba su ta madubin likita. Kafin a ce gilashin ya cika sharaɗin karatu, sai an ƙiyasta akwai ƙwayoyi aƙalla 8,000 zuwa 12,000 a kansa. A cikin wannan taro, idon mai dubawa yana kan cibiyar kowace ƙwaya, wato ɗan ɗigon da ke tsakiyarta: girmanta, duhunta, da yadda gefenta ya zagaya.

Yawancin gilasai ba su da wuyar karatu. Ko ƙwayoyin lafiya lau suke, ko lalacewarsu ta fito fili. Amma akwai na tsakiya. Kin san in kina tsintar shinkafa, akwai ƙwayar da kan zo hannunki ki kasa tantancewa, tsakuwa ce ko shinkafar ce ta yi duhu. Ba za ki jefa ta tukunya ba, ba kuma za ki zubar ba, sai ki ware ta gefe ki sake dubawa a haske. To, ASC-US ke nan. Masanin ya ga 'yan ƙwayoyi daga cikin shimfiɗaɗɗun nan da cibiyarsu ta ninka ta lafiyayyu sau biyu da rabi zuwa uku, ta ɗan yi duhu, sauyin bai kai ya kira shi cuta ba, bai kuma yi ƙanƙantar da zai kau da kai ba. Haruffa biyun ƙarshe, U da S, cewa suke ba a san abin da sauyin ke nufi ba tukuna. Shakkar mai dubawa ce aka rubuta miki a takarda.

Wannan salon rubuta sakamako ya samo asali ne daga taron da Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka ta kira a garin Bethesda a 1988, aka sake gyara shi a 1991 da 2001 da 2014, kuma shi ɗakunan gwajinmu ke bi. Don ki ga yawan shakkar da ke cikin wannan rukuni: a wani babban bincike mai suna ALTS da aka fara a Amurka a 1996, wanda ya haɗa mata fiye da 5,000, an ɗauki gilasan da aka rubuta wa ASC-US aka miƙa wa wasu ƙwararru su sake karantawa. A kashi 43 cikin 100 kaɗai suka yarda da karatun farko, da yawa daga cikin sauran kuwa cewa suka yi lafiya ƙalau ne. Ba sakacin kowa ba ne, iyakar abin da ido ke iya rarrabewa ke nan.

Abubuwan da ke sa ƙwaya ta sauya kama haka suna da yawa, kuma galibinsu ba su da alaƙa da sankara. Kumburin da ciwon sanyi ke jawowa yana sa cibiyar ƙwaya ta ƙara girma, a nan ƙawarki tana da 'yar gaskiya, zan dawo kanta. Warkewar rauni bayan haihuwa ko ɓari ma haka, shi ya sa ake so a bari kamar wata 3 bayan haihuwa kafin a yi gwajin. Robar tazarar haihuwa da ake sawa a cikin mahaifa tana iya barin nata tasirin. Macen da ta daina haila, fatar wurin kan yi siriri ta bushe saboda raguwar sinadarin estirojin, sai ƙwayoyin su fito da kamar da ke rikita mai karatu. Wani lokaci ma matsalar ba a jikin mace take ba: in aka yi jinkirin tsoma gilashin a sifirit har iska ta busar da shi, ƙwayoyin kan baje su yi girma.

Sai kuma abin da ba a cika faɗa wa likita ba: matsi da sauran kayan mata da ake cusawa, da wanke ciki da sabulu ko alif ko ruwan ganye. Waɗannan suna ƙuna fatar wurin, suna kuma korar ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare farji daga cuta. Roƙona ga mata shi ne su daina. Wadda ba za ta daina ba, aƙalla ta faɗa mana gaskiya in mun tambaya, babu mai yi mata dariya, kuma ta dakata da su kwana 2 kafin ranar gwaji, haka ma saduwa da maigida. Kada kuma a je gwajin ana cikin haila.

Abin da ya hana mu watsi da ASC-US shi ne ɗaya daga cikin masu jawo shi, ƙwayar cutar HPV. Wani masani ɗan Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙarta da sankarar bakin mahaifa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008 saboda haka. Nau'inta ya haura 200, kimanin 14 ne masu haɗari, biyu daga ciki, lamba 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Amma tsakanin ɗaukar ƙwayar da kamuwa da sankara akwai tafiya mai nisa. Mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa sun ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba su sani ba, kuma a kusan 9 cikin 10 garkuwar jiki ce ke kawar da ita cikin shekara 2, ba tare da wani magani ba. Wadda ta zauna ta ƙi tafiya ita ce abin tsoro. Ita ma a hankali take ɓarna: a macen da garkuwar jikinta ke da ƙarfi, akan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin sauyin ya zama sankara. A cikin waɗannan shekarun ne muke samun damar tare ta.

Saboda haka tambayar da ke gabanki yanzu guda ɗaya ce: akwai HPV mai haɗari a bakin mahaifarki ko babu? Akwai gwajin da ke amsa wannan kai tsaye, kuma ba ya dogara da idon kowa, na'ura ce ke neman ƙwayar a cikin samfurin. A binciken ALTS ɗin nan, gwajin HPV ya kamo kashi 96 cikin 100 na matan da ke ɗauke da mummunan sauyi a ɓoye, wato irin wanda kan zama sankara in an bar shi, ya kuma hutar da kusan rabin matan daga ƙarin bincike. Ƙa'idojin 2019 na likitocin Amurka, waɗanda aka gina kan bayanan mata kimanin miliyan 1.5 a Kalifoniya, sun ba da alƙaluma biyu da nake so ki riƙe. Macen da ke da ASC-US amma ba ta da HPV, yiwuwar a same ta da mummunan sauyi cikin shekara 5 masu zuwa kusan 4 ne cikin 1,000, don haka sai a ce ta tafi abinta ta dawo bayan shekara 3. Wadda ke da ASC-US kuma aka samu HPV, yiwuwar tana ɗauke da mummunan sauyi a yanzu kusan 4 ne zuwa 5 cikin 100. Kin ga ko a nan, 95 cikin 100 ba su da shi. Amma adadin ya isa a ce a leƙa bakin mahaifar da kyau, kada a tsaya jira.

Waɗannan alƙaluma na matan da ake yi wa gwaji a kai a kai ne tun suna 'yan mata. Tamu macen sau da yawa gwajinta na farko ke nan tana shekara 36 ko 45, bayan auren wuri da haihuwa biyar ko bakwai, alhali ɗaukar ciki da ƙuruciya da yawan haihuwa suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin. Shi ya sa nake ɗaukar ASC-US a wurinmu da ɗan ƙarin nauyi fiye da yadda ƙa'idojin suka ce.

Nas ɗin da ta ce ki dawo bayan shekara ba ta yi kuskure ba. Inda babu gwajin HPV, ƙa'ida ta yarda a sake gwajin Pap bayan wata 12. In ya sake nuna ASC-US ko abin da ya fi shi, sai a wuce mataki na gaba. Damuwata da wannan hanya ba ta ilimi ba ce, ta rayuwarmu ce. Shekara tana da tsawo. Ciki ya shiga, goyo ya biyo baya, an yi wa maigida canjin wurin aiki, kuɗin mota ya gagara, takarda ta ɓace, kuma tunda babu inda ke ciwo, sai maganar ta shige. A 2020 an ƙiyasta mata kimanin 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Waɗanda ke zuwa mana ciwon ya riga ya ci jiki, galibinsu ba a taɓa yi musu gwaji ba, wasu kuma an yi musu, aka ce su dawo, ba su dawo ba. Wannan na biyun ya fi ci mini rai, domin har ƙofa suka zo.

Don haka shawarata gare ki: in da hali, ki nemi gwajin HPV yanzu. Ki tambaya a sashen mata na manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, su za su nuna miki inda ake yi. Na'urar GeneXpert da aka sani da gwajin tarin fuka tana iya yin gwajin HPV in an samu kayan aikinsa. Mace ma tana iya ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinke mai auduga, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan, abin da ke sauƙaƙa wa masu jin nauyin a buɗe su. In gwajin bai samu ba ko kuɗinsa ya fi ƙarfinki, ki riƙe alƙawarin wata 12 ɗin da hannu biyu: ki ɗauki hoton takardar a waya, ki sa ranar a inda ba za ki manta ba. In kuma kin san komawar za ta yi miki wuya, ki faɗa wa likita haka ƙarara, ya duba bakin mahaifar tun yanzu.

Kafin in wuce, ki sake duba takardarki da kyau, domin haruffan suna kama da juna amma hukuncinsu ya bambanta, kuma na san wasu masu karanta wannan amsa tasu takardar daban ce. In an rubuta ASC-H, masanin yana cewa ne ƙwayoyin da ya gani kaɗan ne, amma ya kasa kore yiwuwar mummunan sauyi. Wannan ba a jira da shi, ba a kuma tsayawa sai sakamakon HPV ya fito. A cikin masu ASC-H da HPV, kusan 1 cikin 4 ana samun mummunan sauyin. LSIL sauyi ne mai sauƙi, yawanci sawun HPV ne da ke wucewa. HSIL sauyi ne mai tsanani da ke buƙatar a duba da wuri, ko da yake shi ma ba sankara ba ne. Sai AGC, wanda ba a cika samu ba amma na fi jin tsoron a raina shi, domin mutane na ganin ya yi kama da ASC-US. Shi daga dogayen ƙwayoyin nan na cikin hanyar mahaifa yake, wani lokaci ma daga cikin mahaifar kanta, inda ido ba ya kaiwa. Mai AGC sai an duba bakin mahaifarta an kuma ɗebo samfuri daga cikin hanyar, in ta kai shekara 35 ko tana zubar jini ba bisa ƙa'ida ba, a haɗa da samfurin cikin mahaifa. Takardar da ta ce samfurin bai isa a karanta ba kuwa, ba ta ce komai a kan lafiyarki ba, sake gwajin kawai za a yi bayan wata 2 zuwa 4.

Duban da nake ta ambata shi ake kira kolposkopi. Za ki kwanta kamar yadda aka yi miki gwajin farko, a buɗe gaba, a kafa wata na'ura mai fitila da gilashin ƙara girma daga waje, ba ta shiga jiki. Sai a shafa ruwan khal mai sauƙi a bakin mahaifa a jira kamar minti guda. Wurin da ƙwayoyinsa suka sauya yakan yi fari. Wani lokaci a bi da ruwan aidin, lafiyayyar fata ta rine ta yi duhu, mai matsala ta ƙi karɓa. In an ga wurin da ake zargi, sai a tsinko ɗan nama da bai wuce 'yan milimita ba a kai ɗakin gwaji, wannan shi ne bayofsi, kuma shi kaɗai ke yanke hukunci. Za ki ji ɗan tsunkuli da murɗar mara, ki ga ɗigon jini na 'yan kwanaki. Mata kan tambaye ni game da salla: jinin daga rauni yake fita, ba na haila ba ne, hukuncinsa kuma ki tambayi malamai da wannan bayani a hannu. A asibitocin da babu na'urar, ana shafa ruwan khal ɗin a duba da ido da fitila mai haske. Yana da amfani, sai dai bai kai kolposkopi ba, kuma ba a dogara da shi ga macen da ta daina haila, domin mahaɗar fatun nan biyu takan janye ciki.

Sakamakon bayofsi yakan fito da mataki uku, CIN 1 da CIN 2 da CIN 3, gwargwadon zurfin da sauyin ya yi a cikin kaurin fatar. CIN 1 yawanci da kansa yake warkewa, sa ido kawai ake yi. CIN 2 kusan rabinsa yakan koma lafiya cikin shekara 2, musamman ga masu ƙananan shekaru, don haka akan tattauna da mace ko a jira ko a yi magani. CIN 3 shi ne mummunan sauyin da nake ta faɗa, shi ba a barinsa. Mun san abin da ke faruwa in an bar shi ta wata hanya mai ban takaici. A wani asibitin mata da ke birnin Auckland na ƙasar New Zealand, daga tsakiyar shekarun 1960, an bar wasu mata masu wannan sauyi ba tare da cikakken magani ba, ba kuma da saninsu ba, lamarin da ya kai ga kafa kwamitin bincike a 1987. Da aka bi bayanansu daga baya, sai aka ga kusan kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka bari sun kamu da sankara cikin shekara 30, alhali a cikin waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata, adadin bai kai 1 cikin 100 ba. Tazarar da ke tsakanin 31 da ƙasa da 1 ita ce dalilin duk wannan wahala ta gwaji da komawa asibiti.

Maganin kuma ba babban aiki ba ne, ba a cire mahaifa, ba a kwantar da mace. Ana iya ƙona wurin da ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko a daskarar da shi da iskar gas mai tsananin sanyi, ko a yanke ɓangaren da ya sauya da 'yar waya mai lantarki, aikin da ake kira LEEP, bayan an yi allurar kashe zafi a wurin. Bayan haka za a ga ruwa yana fita na 'yan makonni, kuma sai an ƙaurace wa saduwa na kamar mako 4 don raunin ya warke. Wannan sharaɗi yana buƙatar fahimtar maigida, shi ya sa nake so a zo da shi ya ji daga bakin likita. Sai a sake gwaji bayan wata 6 zuwa 12.

Yanzu maganar maigida, wadda na san ita ta fi nauyi a zuciyarki. Da farko dai, ba mu ma san ko kina da HPV ba. In ma an samu, babu gwajin da zai faɗi daga wa ta zo ko yaushe ta shiga. Ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shekara da shekaru ba a ganinta a gwaji, sannan ta bayyana lokacin da garkuwa ta yi rauni. Namiji yana iya ɗauke da ita daga auren da ya yi ya rabu tun da daɗewa, bazawara tana iya zuwa da ita daga gidan mijinta na fari, a gidan da ake da mata biyu ko uku tana iya zagayawa ba wanda ya taka dokar Allah. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samunta. Namiji ba ya jin komai, kuma babu wani gwajin tantancewa da ake yi wa maza a kai a kai. Na ga gidajen da wannan takarda ta jefa cikin zargi, miji yana tuhumar mata, mata tana tuhumar miji ko kishiya, a kan abin da ilimin likita bai iya tabbatarwa ba. Kada ki bari naki ya shiga ciki. Abin da ya dace ki yi wa abokiyar zamanki, in kina da ita, shi ne ki ja ta ku je tare a yi mata nata gwajin, domin duk macen da ta kai shekara 30 ya kamata a yi mata, ko da wannan magana ko babu.

Haihuwa kuwa, ASC-US ba ya hana ɗaukar ciki, HPV ma haka. In ciki ya shiga kafin a kammala bincike, ki sanar da masu awo. Ana iya yin kolposkopi ga mai ciki ba tare da cutar da jariri ba, sai dai ba a ɗebo samfuri daga cikin hanyar mahaifa, kuma in ba sankara aka gani ba, akan ɗage magani sai bayan haihuwa. Aikin LEEP yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, musamman in an yanke da zurfi ko an maimaita, shi ya sa ba ma gaggawar yanka wa macen da ke son ƙarin haihuwa sai da hujjar bayofsi. In da zaɓi, na fi so ki kammala binciken nan kafin ki nemi wani cikin.

Mu koma kan ƙawarki. In kina da ƙaiƙayi ko ruwa mai wari ko mai launi, ki je a duba a gane irin sanyin, a ba ki maganin da ya dace da shi, wani lokaci har da maigida. Amma babu kafso ko allura ko jiƙo ko tsimi da ke kashe HPV, kuma shan maganin sanyi ba ya goge buƙatar sake gwaji. Kalmar sanyi ta zama rumbun da muke zuba duk wani ciwon mara a ciki, kuma a nan ne sankara ke samun wurin ɓuya. Mace tana ganin jini bayan saduwa, ko jini tsakanin haila da haila, ko jini ya dawo mata bayan ta daina haila, ko ruwa mai ɗoyi da ya ƙi jin magani, sai ta yi wata da watanni tana zagaya kemis da masu maganin gargajiya. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan alamu, ko gwajinta na Pap ya ce lafiya lau, kada ta jira wata 12, ta je likita ya ga bakin mahaifar da idonsa a makon nan.

In ba ki san matsayinki na HIV ba, ki yi gwajin, domin yana sauya lissafin duka. Mace mai ɗauke da HIV ta fi sauran mata haɗarin wannan sankara har ninki 6, kuma in garkuwa ta yi rauni, tafiyar shekara 15 zuwa 20 ɗin nan tana iya komawa 5 zuwa 10. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce su a fara yi musu gwaji daga shekara 25, a riƙa maimaita gwajin HPV duk shekara 3 zuwa 5, sauran mata kuma daga shekara 30, duk shekara 5 zuwa 10. Mai shan sigari ma ta daina, hayaƙin yana raunana garkuwar bakin mahaifa.

Kin ce 'ya'yanki huɗu. In akwai mace a cikinsu da ke gab da shekara 9 ko ta ɗan haura, ki kai ta asibitin sha-ka-tafi ki tambayi allurar rigakafin HPV. Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum a ranar 24 ga Oktoba 2023, ta fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta. Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin zagayen farko, sauran suka biyo baya a 2024. Tana kariya daga lamba 16 da 18 ɗin nan, da wasu nau'i biyu masu jawo tsiro a al'aura. Jita-jitar cewa tana hana haihuwa ba ta da tushe, ƙasashe da dama suna yin ta tun 2006 da 2007, 'yan matan farko da aka yi wa sun girma sun haihu. Allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga jiki, shi ya sa ake yin ta tun kafin aure, kuma wadda aka yi wa ma za ta buƙaci gwaji in ta kai shekara 30. Ke kuma, in sakamakon HPV ɗinki ya fito, ki aiko mini da abin da aka rubuta mu duba mataki na gaba tare.